Ƙwayoyin Barci da Kwantar da Hankali: Abin da Ya Kamata Mu Sani

'Yan'uwa cikin Almasihu, idan mun je gaisuwar makoki ko duba marasa lafiya, sau da yawa mukan ga Valium ko Lexotan a gefen gado. Wadda mijinta ya rasu ta kasa barci, sai wani ya sayo mata a kemis don tausayi. Waɗannan ƙwayoyi 'yan gida ɗaya ne, likitoci na kiransu benzodiyazefin. Masanin haɗa magunguna Leo Sternbach ne ya gano na farkonsu a Amurka. Librium ya shiga kasuwa a 1960, Valium kuma a 1963.

A cikin ƙwaƙwalwarmu akwai wani sinadari mai suna GABA, wanda aikinsa kamar birki ne ga jijiyoyi. Waɗannan magunguna ƙara masa ƙarfi suke yi. Shi ya sa fargaba ke lafawa, jiki ya saki, barci ya zo. A hannun likita suna da amfani ƙwarai: ana tsayar da farfaɗiya da su, ana kwantar da hankalin wanda za a yi wa tiyata, ana kuma taimakon mashayin da ke barin giya.

Amma ba maganin kullum ba ne. Don rashin barci ko fargaba, likitoci kan ba da su na mako 2 zuwa 4 kawai. In aka zarce, jiki yakan saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Haɗa su da giya, tramadol ko kodin na iya rage numfashi har mutum ya mutu cikin barci. Tsofaffi sukan yi jiri su faɗi su karye. Wanda ya sha kada ya tuƙa mota ko babur. Mai ciki da mai shayarwa kada su sha sai da izinin likita.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Wani lokaci bayan addu'a, mukan ƙarfafa ɗan'uwa ya zubar da ƙwayoyinsa nan take don nuna bangaskiya. In ya daɗe yana sha, wannan shawara na iya hallaka shi. Dainawa farat ɗaya kan kawo rawar jiki, ruɗewa, har da farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni.

Saboda haka mu yi masa addu'a, mu kuma raka shi asibiti. Kada mu tona masa asiri a gaban jama'a, kada kuma mu ba wani ragowar maganinmu. Wadda baƙin ciki ya hana ta barci kuwa, tana bukatar mu zauna tare da ita bayan 'yan makoki sun watse. Ubangiji ya ba mu hikima.