Makarantar da ba ta da shinge: tsaron lakwal a Gangara da Damargu

In aka ce tsaron makaranta, hankali kan tafi ga 'yan bindiga: ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara ta jihar Katsina a Disambar 2020, ko ɗaruruwan makarantun da rashin tsaro ya rufe a Tilaberi. Amma a ƙaramar hukumar Gangara ta gundumar Tanut, da maƙwabciyarta Belbeji, barazanar yau da kullum ta fi haka kusa da gida.

Kamar yadda yake a yawancin karkarar Nijar, lakwal kan zauna a bakin gari, fili fetal, ba katanga ba mai gadi. Daga Yuli zuwa Satumba ana hutu, kowa yana gona. A wannan tsakanin ne ake ɓalle ƙofa, a kwashe benci, dabbobi su mai da aji turke. Damargu, yankin da Gangara take, ƙasar noma ce da kiwo, garke ba ya ƙarewa a hanya.

Mafi muni ita ce wuta. Ajin zana da kara ba ya ba da lokacin gudu. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A Nuwambar shekarar ta kashe fiye da 20 a Maraɗi, har gwamnati ta hana sa yaran ajin reno a irin waɗannan rumfuna.

Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da sanarwar kare makarantu da aka fitar a birnin Oslo a 2015, sai dai takarda ba ta gadi. Abin da ƙauye zai iya yana hannunsa. A kewaye makaranta da aguwa, wadda manoma suka saba shinge da ita: reshe ake dasawa ya kama, dabba kuma ba ta ci. Kwamitin kula da makaranta, wato COGES, da ƙungiyar iyaye mata za su iya tsara gadi bi da bi lokacin hutu. A raba rumfuna nesa da juna, kowace da ƙofa biyu, a nisanta murhun masu saida abinci. Malamai su bar bulala, yarinya ta san wa za ta kai wa ƙara in an tare ta a hanya.

Shugabannin ƙaramar hukuma, hakimai da limamai, ku zauna da direktocin makarantu kafin hutun bana. Makarantar da gari ya ɗauka tasa ce, ɓarawo yana shakkarta.