Tsofaffin jiragen yaƙi da iyakar gudun farfela

Manomin albasa na Sabiyal ko Aliero da ya taɓa kwance injin ban-ruwa ya san fistin: yana hawa yana sauka cikin silinda, fetur na ƙonewa a bisansa. Irin wannan aiki ne ke cikin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai nasu silinda da yawa ne, kamar 12 ko 18, kuma maimakon jan ruwa, farfela suke juyawa.

Jiragen nan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tun daga 1940 Turawan Ingila suke kawo samfurin Hurricane cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Legas, su yada zango a Kano, su bi ta Maiduguri da Khartoum har Alƙahira. Da yaƙi ya ƙare jiragen jet suka karɓe fage, aka yi gwanjon masu farfela. To, a nan ne wasu matuƙa da makanikai a Amurka suka saye su, suka ɗaura aniyar ganin iyakar abin da fistin zai iya.

Bajintar da suka tarar ta wani Bajamushe ce, Fritz Wendel, wanda a Afrilun 1939 ya yi kilomita 755 a awa da jirgin Messerschmitt Me 209. Shekara 30 ba a taɓa ta ba, sai a 1969 Darryl Greenamyer ya kai 776 da samfurin Bearcat. A 1979 Steve Hinton ya haura 800 da Mustang mai suna Red Baron. Wata guda bayan haka jirgin ya yi raga-raga a gasar tseren jirage ta Reno, matuƙin ya sha da ƙyar.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Lyle Shelton. Gawar wani Bearcat da ya faɗi a jihar Indiana tun 1962 ya kwaso, ya cire tunanin mayar masa da injinsa na asali, ya ɗora masa Wright R-3350 mai silinda 18, wanda ya fi wancan girma nesa ba kusa ba. A Fabrairun 1972 jirgin ya tashi daga tsaye cik a filin jirgi, ya kai tsayin mita 3,000 cikin daƙiƙa 91.9. Ranar 21 ga Agustan 1989 kuma, yana ɗauke da sunan Rare Bear, ya yi kilomita 850 a awa a jihar New Mexico.

Ba a karɓar irin wannan bajinta da baki. Hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, ita ke tabbatarwa. Ana auna tazarar kilomita 3, jirgi ya ratsa ta sau huɗu ƙasa-ƙasa, biyu ta nan biyu ta can, a ɗauki matsakaici, don kada iska ta yi wa kowa alfarma.

Me ya sa ci gaban ke tafiyar hawainiya haka? Iska ce ke turjewa. In ana son ninka gudu sau biyu, sai ƙarfin inji ya ninku sau takwas. Ga kuma matsalar farfela kanta: bakinta ya fi jirgin gudu, domin yana juyawa yana kuma tafiya gaba, saboda haka shi ke fara kusantar gudun sauti. Da ya kai nan, iskar da ke kewaye da shi sai ta hargitse, ƙarfin injin ya riƙa zubewa a ƙara da girgiza. Shi ya sa ake zaɓar wuri mai tudu da rana mai zafi: iskar tudu ba ta da kauri, kuma sauti ya fi gudu a cikin zafi, don haka farfela na samun ɗan sarari.

Sauran aikin na masu sifana ne, kuma a ganina su suka fi cancantar yabo, duk da sunan matuƙi ake rubutawa. Su ne ke datse bakin fukafukai, su ƙanƙance rumfar gilashin matuƙi, su toshe kowace kafa, su goge jiki ya yi santsi. Suna fesa ruwa gauraye da methanol cikin injin don kada zafi ya sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, wasu kuma su ƙara iskar nitrous. Injin da aka matsa wa haka mintuna kaɗan yake jurewa.

A farkon Satumban 2017 Steven Hinton, ɗan wancan Steve ɗin, ya hau Mustang mai suna Voodoo a jihar Idaho. A ratsawa ɗaya ya wuce kilomita 890 a awa, amma injin ya fara rauni kafin ya kammala, matsakaicinsa ya tsaya a 855. Tsakaninsa da Wendel shekara 78 ce, kuma abin da aka ƙara a duk tsawon wannan lokaci kilomita 100 ne. Daga baya aka ajiye Voodoo a gidan tarihin jirage na Planes of Fame da ke Chino a jihar Kalifoniya.