Ƙwayoyin Cikin Baki da Ciwon Daji: Me Ya Haɗa Su?

A shekarar 1683 wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankare dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya sa ta a ƙarƙashin madubin da ya ƙera da hannunsa, sai ya ga wasu 'yan halittu suna ta kai-kawo. Yau masana sun ƙididdige nau'o'in bakteriya kusan 700 da ke iya zama a bakin mutum: a kan harshe, a ganɗa, a gindin haƙori, da cikin 'yar tazarar da ke tsakanin haƙori da dasashi. Akasarinsu ba su da laifi. Wasu ma amfani gare su, domin suna tare wuri su hana miyagu yaɗuwa. Matsala tana tasowa ne idan lissafi ya sauya, miyagun suka rinjayi na kirki.

Ciwon dajin baki da leɓe, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana kama mutane kusan 390,000 a shekara a faɗin duniya, yana kashe kusan 188,000, bisa ƙididdigar 2022 ta hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. An daɗe da sanin manyan masu laifi: taba, ko ta sha ko ta tauna, da barasa, da wani ƙwallo da ake taunawa a Indiya da maƙwabtanta mai suna areka (wanda ba shi da dangantaka da goronmu). A maƙogwaro kuma akwai ƙwayar cutar HPV. Amma likitoci sun daɗe suna ganin abin da ke ɗaure musu kai: mutum biyu su sha taba iri ɗaya shekara da shekaru, ɗaya ya kamu, ɗaya ya tsira. Wani kuma bai taɓa kusantar taba ko giya ba, amma ciwon ya same shi.

Zargin bakteriya ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1994 aka sa Helicobacter pylori, ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki, cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin tumbi. Idan ƙwaya ɗaya za ta iya yin haka a ciki, to dole a tambayi ɗaruruwan da ke baki.

Binciken da ya fi ɗaukar hankali shi ne wanda masana a Jami'ar New York suka wallafa a 2024. Sun yi amfani da bayanan mutane kusan 160,000 a Amurka, waɗanda aka adana yawunsu tun suna da lafiya, aka bi sawunsu shekara 10 zuwa 15. Mutum 236 daga cikinsu suka kamu da ciwon dajin baki ko maƙogwaro. Da aka koma aka duba tsohon yawunsu, sai aka tarar nau'o'in bakteriya 13 suna da alaƙa da kamuwar. Da aka haɗa su da wasu da aka sani da ciwon dasashi, haɗarin ya ƙaru da kashi 50 cikin 100. Darajar wannan aiki ita ce an ɗebi yawun tun kafin ciwon ya bayyana, don haka da wuya a ce ciwon ne ya sauya ƙwayoyin.

Ta yaya ƙwayar da ido ba ya gani za ta yi wannan ɓarna? Hanya ta farko ita ce kumburin da ba ya ƙarewa. Idan dauɗa ta daskare a gindin haƙori, irin su Porphyromonas gingivalis da Fusobacterium nucleatum sukan samu mafaka a wurin da iska ba ta shiga. Sojojin jiki su kawo ɗauki, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini. Yaƙin na iya ɗaukar shekara ashirin ba a gama ba. Duk tsawon lokacin nama yana lalacewa ana sake gina shi, kuma a yawan sake ginin ne ake samun kuskure a cikin ƙwayoyin halitta. An kuma gani a ɗakin gwaji cewa Porphyromonas tana kutsawa cikin ƙwayoyin dasashi ta hana su mutuwa a lokacin da ya kamata. Ƙwayar jikin mutum da ta lalace ta kuma ƙi mutuwa, daga nan ciwon daji yake farawa.

Hanya ta biyu ta fi fitowa fili. Wasu ƙwayoyin baki, har da naman gwarin nan Candida mai sa harshe ya yi fari, suna juya barasa ta koma wani sinadari mai suna asitaldihaid, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta kai tsaye. Masana a Helsinki ta ƙasar Finlan sun nuna cewa wannan sinadari ya fi yawa a yawun mashaya taba da waɗanda ba sa kula da tsaftar baki. A cikin hayaƙin taba ma akwai shi. Ke nan wanda ya haɗa taba da giya da ƙazamin baki ya tara wa kansa ƙaiƙayi da ashana a ɗaki guda.

Sai dai a yi hattara. Har yanzu ba a tabbatar da wata bakteriyar baki guda da za a nuna da yatsa a ce ita ce ke jawo ciwon, kamar yadda aka yi wa Helicobacter. Taba da barasa su ne kan gaba, da tazara mai yawa. Kuma kada wani ya karanta wannan ya dukufa kurkure baki da magunguna masu ƙarfi safe da yamma, ko shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da izinin likita ba. Wannan yana share na kirki tare da miyagu, alhali wasu na kirkin suna taimakawa wajen daidaita hawan jini.

A nan gida, abin da ya fi damuna shi ne yadda muka raina jinin dasashi. Mutum ya tofar da jini kullum idan yana asuwaki, ya ce ai asuwakin ne ya yi tauri. Dattijo ya cusa garin taba a bayan leɓe wuni guda, matashi ya zauna a kan shisha yana cewa ta fi sigari sauƙi. Ga shi kuma mun san ɓarnar da ƙwayoyin baki ke iya yi: cutar noma mai cinye fuskar yara, wadda ake da asibiti na musamman dominta a Sakkwato, daga kumburin dasashi take farawa, duk da ita ba ciwon daji ba ce. Asuwaki al'ada ce mai kyau kuma sunna ce, amma dauɗar da ta riga ta zama dutse sai likitan haƙori ya kankare ta.

Mai karatu, ka ɗauki madubi ka duba bakinka: gefen harshe, ƙarƙashinsa, da cikin kumatu. Miki ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, farin tabo ko ja wanda ba ya goguwa, ƙullutu a wuya, haƙorin da ya fara girgiɗi ba dalili, duk waɗannan na asibiti ne, ko da ba sa zafi. Ciwon dajin baki yakan fara ne ba tare da zafi ba, kuma wanda aka gano da wuri ya fi samun waraka nesa ba kusa ba.