Rubuta Madogarar Maƙalar Mujalla a Cikin Manazarta

Malaman hadisi ba su karɓi riwaya ba sai sun san wanda ya karɓo ta da wanda ya karɓa daga gare shi. Manazartar da ake jerawa a ƙarshen bincike tana da kusanci da wannan manufa, domin aikinta shi ne ta kai mai karatu ga asalin magana ya duba da idonsa. Ita kuwa maƙalar mujalla ta fi littafi wuyar samu idan madogararta ta tawaya, saboda tana cikin fitowa ɗaya ce daga fitowa masu yawa.

A tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, ana fara kawo sunan marubuci na ƙarshe, sai harufan farko na sauran sunayensa, sai shekara a cikin baka biyu, sannan taken maƙala. Daga nan sai sunan mujalla da lambar kundi, dukkansu da rubutun tsutsa, sai lambar fitowa a cikin baka biyu da rubutu na yau da kullum, sai shafin farko da na ƙarshe. Idan maƙalar tana da lambar DOI, ita ce za ta rufe. Misali, nazarin Mervyn Hiskett kan Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fito a mujallar makarantar SOAS ta Landan a 1960, kundi na 23, fitowa ta 3, shafi na 558 zuwa 579. Wanda ya tsallake kundi da shafuka ya bar mai karatu yana lalube.

Inda ɗalibin ilimin addini ya fi tuntuɓe shi ne sunaye da shekaru. Tsarin Cikago ya tanadi a bar "al-" a jikin suna amma kada a lissafa ta wajen jeri, don haka al-Ghazali yana shiga layin harafin G. Marubucin da sunansa ya ƙare da sunan garinsu, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, a bi yadda ya sa hannu a maƙalar, ba yadda aka san shi a gari ba, kuma a bar laƙabi irin su Shehu, Malam da Farfesa.

Batun shekara ya fi buƙatar taka-tsantsan. Mujallun Larabci da dama suna sa shekarar Hijira kaɗai, alhali ita takan ratsa shekarun Miladiyya biyu: 1441 ta fara a 2019 ta ƙare a 2020. Mayar da ita Miladiyya da ka, ba tare da duba watan fitowa ba, yana iya jingina maƙala ga shekarar da ba tata ba. Abin da ya fi, a ganinmu, shi ne a rubuta shekarar da ke bangon mujallar, sannan a biyo ta da ta Miladiyya bayan an tabbatar da watan.