Shekara 170 a ƙarƙashin tekun Baltik

A shekarar 2010 masu nutso suka ci karo da wani tsohon jirgin ruwa da ya nitse kusa da tsibiran Aland, a tekun Baltik. A cikinsa akwai kwalabe 168 na shamfen, giyar inabin nan mai kumfa ta Faransa, sun shafe kusan shekara 170 cikin duhu da sanyi, kuma da yawansu ba su lalace ba. Masanan Jami'ar Reims da suka auna su sun tarar da sukari fiye da giram 140 a kowace lita, ninkin-ba-ninkin abin da ake zubawa a yau.

Ko wanda bai taɓa kusantar giya ba zai yi mamakin aikin da ke gudana cikin kwalbar shamfen. Bayan ruwan inabin ya nuna, sai a ƙara masa sukari da yis, a toshe bakin kwalba. Yis ɗin ya cinye sukarin, iskar da ya fitar ta rasa mafita, ta narke cikin ruwan, har matsinta ya kusan ninka na tayar mota sau uku. Abinci na ƙarewa, yis ya mutu, ya kwanta a gefen kwalba kamar tsaki. A hankali yake ruɓewa yana sakin abin da ke jikinsa, kuma daga nan ƙamshin tsufa ke fitowa.

Shi ya sa doka ta ce shamfen da aka yi da inabin shekara guda kaɗai sai ta kwana aƙalla shekara 3 kafin a sayar, wasu gidajen da ke yin ta ma sukan kai goma, a ramukan da aka haƙa cikin alli ƙarƙashin birnin Reims. Sabuwarta tana da ƙamshin ɗanyen tuffa da lemun tsami. Tsohuwa kuwa launinta ya koma na zinariya, kumfarta ta yi laushi, hanci na jin ɓawon burodi mai zafi, soyayyiyar gyaɗa da zuma. Wani ɓangare na wannan ƙamshi haɗuwar sukari ne da sinadaran furotin, irin wadda ke sa burodi ya yi ja a tanda. A tanda minti kaɗan ake yi, a rami mai sanyi sai an yi shekaru.

Wasu daga kwalaben jirgin na gidan shamfen na Veuve Clicquot ne. A 2014 gidan ya nutsar da sababbin kwalabe kusa da wurin, ana ciro kaɗan lokaci-lokaci ana gwada su da waɗanda aka bari a ramukan Reims.