Sifinja, babbar motar ƙauyukan Rusairis

Rusairis gari ne a ƙasar Sudan, a bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu. A can aka gama gina wata babbar madatsar ruwa a shekarar 1966. Akwai ƙauyukan Hausawa da yawa a gefen wannan kogi. Wanda ya fi suna shi ne Mai Wurno, kusa da Sinnar. Ya ci sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutanen ƙauyukan suna noman dawa da riɗi, wasu kuma masunta ne.

Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da rani sai ta bushe ta tsattsage. Da damina kuma ta koma taɓo mai danƙo. Kwalta ba ta kai ƙauyuka da yawa ba. To, idan manomi ya girbe riɗinsa, wace mota za ta kai masa shi kasuwar Damazin, a hayin kogi?

Shekara da shekaru, wata babbar mota ce take irin wannan aiki a karkarar Sudan. Sunanta Bedford, a Ingila aka ƙera ta, an kuma fara kawo ta Sudan wajen ƙarshen shekarun 1960. Direbobi suka laƙaba mata suna Sifinja, wato takalmin soso, saboda taushin tafiyarta. Amma ba yadda ta fito daga masana'anta ake amfani da ita ba. Maƙera da kafintoci da makanikai sukan kwance ta, su sake haɗa ta daidai da hanyarsu.

Da farko sukan ƙara wa shasi ƙarfi. Shasi shi ne dogayen ƙarafa biyu da suke ɗauke da dukan motar, kamar ƙashin baya a jikin mutum. Daga nan sai su koma kan sifirin, wanda ake kira ressort da Faransanci.

Sifirin yana tsakanin shasi da gatari, wato ƙarfen da tayoyi suke maƙale a bakinsa biyu. Falle-fallen ƙarfe ne aka jera bisa juna, dogo a sama, gajere a ƙasa, duka a lanƙwashe kamar baka. Ana ce wa kowane falle ganye. Idan taya ta faɗa rami, sifirin ya lotsa, ya dawo. Ta haka jijjiga ba ta isa ga buhuna da mutanen da ke zaune a kansu da dukan ƙarfinta.

Bakanike yakan ƙara ganye domin mota ta ɗauki kaya fiye da da. Amma kowane ƙari da abin da yake jawowa. In ganye ya yi yawa, sifirin ya sandare. Motar da ba kaya sai ta riƙa tsalle kamar ɗan maraƙi, har shasi ya tsage. Kuma bodi yakan ƙara tsawo daga ƙasa. Wannan yana da amfani cikin taɓo, domin cikin motar ba zai dafe ba. Sai dai doguwar mota mai lodi har sama ta fi saurin kifewa a kwana. Shi ya sa gwanin karen mota yake sa kaya masu nauyi a ƙasa.

Bayan an mai da sifirin, sai a ɗauko awo. A auna daga gatarin gaba zuwa na baya, ta dama da ta hagu. Dole su zo daidai. In ba haka ba, mota za ta riƙa tafiya a karkace.

Aikin da ya fi son natsuwa shi ne saitin tayoyin gaba. Wanda ya dube su zai ce a miƙe suke sak. Ba haka ba ne. Gabansu ya ɗan fi bayansu kusa da juna, da ƴan milimita kaɗan. Dalili kuwa, idan mota tana gudu, hanya takan tura tayoyin su buɗe. Wannan ɗan tsukewa shi ke sa su daidaita. Bakanike yakan ɗaga gaban mota, ya juya taya, ya zana mata layi da alli. Ya sauke motar, ya auna tsakanin layukan biyu ta gaba, ya auna ta baya. In awon bai yi ba, sai ya murɗa sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin, ya ƙara mata tsawo ko ya rage. Idan aka yi sakaci, taya takan cinye ta gefe ɗaya, alhali taya tana da tsada.

Akwai kuma wata dabara da ake gani ko a jikin keke. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaban keke ba a tsaye yake cak ba, kansa ya jingina baya. Shi ya sa keke mai gudu yake miƙe hanya da kansa. Haka ƙusar da tayar gaban mota take juyawa a kanta: an ɗan kwantar da kanta baya. Saboda haka in direba ya gama kwana, sitiyari yakan koma tsakiya. Sauya sifirin yana iya ɓata wannan kwanciya. Sai mota ta riƙa yawo a hanya, direba yana kokawa da sitiyari. Maganinsa wani ɗan ƙarfe ne mai kauri a baki ɗaya, siriri a ɗayan. Akan cusa shi tsakanin sifirin da gatari, a ɗaure tam.

Daga nan sai gwaji. A loda buhuna, a bi hanyar laka. Idan an dawo, bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya sake ɗaure notuna, domin sababbin ganye sukan zauna, ɗauri ya yi sako-sako.