Tallar Bogi a Wayar Baƙin Bronx: Doka Tana Nan, Mai Kai Ƙara Ake Jira

Titin Grand Concourse, wanda aka buɗe a 1909, ya ratsa gundumar Bronx ta birnin New York tsawon kusan kilomita 8. A unguwannin da ke gefensa, musamman wajen titi na 167, 'yan Afirka ta Yamma sun yi kaka-gida: 'yan zangon Kumasi da Accra, 'yan Nijar, 'yan Gambiya da Gini. A kan titin, lamba 851, babban ginin kotun gundumar yake. Sai dai tallar da ta fi cin kuɗin jama'ar wurin ba ta cika isa gaban alƙali ba, domin a cikin waya take yawo.

Saƙon murya ne zai shigo zauren WhatsApp na 'yan gari, ya fara da sallama da salati, sannan a ce akwai wani bawan Allah da ke fitar da takardar izinin aiki cikin mako biyu. Wani bidiyon TikTok kuma na tallar garin magani mai kawar da ciwon suga da hawan jini gaba ɗaya. Wanda ya turo ɗan'uwa ne da ake sallah sahu ɗaya da shi, don haka ba a tsayawa bincike.

Asarar ba ƙarama ba ce. Hukumar FTC, mai kula da harkar ciniki a Amurka tun 1914, ta ce daga Janairun 2021 zuwa Yunin 2023 mutane sun kai rahoton asarar dala biliyan 2.7 ta hanyar damfarar da ta faro daga kafafen sada zumunta.

Dokoki kuwa ba su yi ƙaranci ba. Sashe na 350 na dokar kasuwanci ta jihar New York ya haramta tallar ƙarya, tararta kan kai dala 5,000 a kan kowane laifi. A 2019 babbar lauyar jihar, Letitia James, ta cimma yarjejeniyar da ta haramta wa kamfanin Devumi sayar da mabiyan bogi. A 2022 hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, ta ci tauraruwa Kim Kardashian dala miliyan 1.26 saboda ta tallata kuɗin kirifto a Instagram ba tare da ta faɗi cewa an biya ta dala 250,000 ba. Daga Oktoban 2024 kuma FTC ta haramta saye da sayar da yabon ƙarya a intanet.

Batun takardu ma yana da ƙa'idarsa. Lauya ne kaɗai, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, zai ba da shawarar doka kan shige da fice. Mai cike fom dole ya ba da yarjejeniya a rubuce, kuma bai da ikon yin alkawarin cewa takarda za ta fito.

To ina gizo ke saƙar? Sashe na 230 na wata dokar tarayya ta 1996 yana kare kamfanonin intanet daga yawancin alhakin abin da wasu suka wallafa. Saƙon WhatsApp a rufe yake, jami'in hukuma ba ya jin sa, balle da Hausa aka yi shi. Wanda aka cuta kuma yakan haɗiye, ko don kunya, ko don tsoron a tono zancen takardunsa, ya ce ya bar wa Allah. Shirun nan shi ne jarin ɗan damfara.

Dokar kare masu saye ta birnin ba ta ware marar takarda ba, kuma lambar wayar birnin, 311, tana da masu fassara. Duk wanda aka yaudara ya adana hoton tallar da rasidin biya, ya kai ƙara. Limamai da shugabannin zaurukan WhatsApp kuma su hana a tura tallar da ba a san mai ita ba.